Majalisa da Idon Aro: Tarihin Ofishin OTA na Amurka da Darasinsa ga Masu Yi Mana Doka

 



Ɗan majalisa mutum ne kamar kowa. Wani lauya ne, wani ɗan kasuwa, wani tsohon malamin makaranta, wani tsohon soja. Jama'a sun zaɓe shi ne domin sun amince da shi, babu wanda ya nemi ya nuna takardar shaidar karatun kwamfuta, kuma haka ya kamata. Amma da zarar ya zauna a zauren majalisa, yau za a ajiye masa ƙuduri a kan bayanan sirrin mutane, gobe a kan hada-hadar kuɗi ta waya, jibi a kan ƙirƙirarriyar basira, a ce ya amince ko ya ƙi. To, wa zai tambaya?

Masu amsa ba su yi ƙaranci ba. Ga ma'aikatar gwamnati da ta kawo ƙudurin, ga kamfanin da dokar za ta shafa, ga ƙungiyar fafutuka da takardunta. Dukkansu sun san abin da suke faɗa, kuma kowannensu yana da abin da yake so. Majalisar da ba ta da masana nata na kanta, da idon aro take gani, kuma sau da yawa tana aro ne daga hannun wanda aka ɗora mata alhakin sa wa ido. Wannan ita ce maganata a yau, kuma zan kafa ta da tarihin wani ofishi da majalisar dokokin Amurka ta gina, ta ci moriyarsa fiye da shekara 20, sannan ta rufe shi da hannunta.

Yadda aka kafa ofishin

A shekarun 1960 gwamnatin Amurka tana zuba kuɗi masu yawa a harkar kimiyya: tafiya duniyar wata, makaman nukiliya, magungunan ƙwari, manyan jiragen sama. Fadar shugaban ƙasa tana da mai ba da shawara kan kimiyya da rundunar masana, ma'aikatar tsaro ma haka. Majalisa kuwa, wadda ita ce ke sakin kuɗin, sai dai ta saurari abin da aka gaya mata.

Abubuwa biyu suka fito da wannan rauni fili. Na farko muhawarar 1969 a kan kafa garkuwar kakkaɓo makamai masu linzami, inda masana suka rabu gida biyu, sanatoci suka rasa wanda za su gaskata, har ƙuri'a ɗaya tak ta raba gardama. Na biyu shirin ƙera jirgin fasinja mai gudu fiye da sauti. An kashe masa kusan dala biliyan 1, ana ta jayayya a kan ƙararsa da illarsa ga sararin samaniya da kuma ko zai mayar da kuɗinsa, sai a 1971 majalisa ta daina ba shi kuɗi. 'Yan majalisa da dama suka fita daga waɗannan muhawarori da jin cewa sun yanke hukunci ne a cikin duhu.

Wani ɗan majalisar wakilai daga jihar Connecticut, Emilio Daddario, wanda ke jagorantar ƙaramin kwamitin kimiyya da bincike, ya daɗe yana kiran a kafa wa majalisa ofishin da zai riƙa auna tasirin sabuwar fasaha tun kafin a dulmiya a cikinta. A watan Oktoba na 1972 Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a dokar da ta kafa Ofishin Auna Tasirin Fasaha, wanda aka fi sani da OTA. Ofishin ya kama aiki sosai a 1974, Daddario ne daraktansa na farko.

Tsarin da ya sa aka yarda da shi

Ina so mu tsaya a kan tsarin gidan, domin a nan ne hikimar take.

Na ɗaya, hukumar da ke kula da ofishin 'yan majalisa 12 ne: 6 daga majalisar dattawa, 6 daga ta wakilai, kuma an raba kujerun daidai wa daida tsakanin jam'iyyun Democrat da Republican, ko da wace ce ke da rinjaye. Shugabancin hukumar yana zagayawa tsakanin majalisun biyu. Saboda haka babu binciken da za a fara sai da yardar ɓangarorin biyu, kuma babu wanda zai mayar da ofishin karen farautarsa.

Na biyu, kwamitocin majalisa ne ke neman a yi bincike. Ofishin ba ya ƙirƙiro wa kansa aiki don burge jama'a, yana amsa tambayar da masu yin doka ke fama da ita ne.

Na uku, kowane babban bincike yana da kwamitin masu ba da shawara daga waje, kuma da gangan ake haɗa waɗanda ba sa ga maciji da juna: mutumin kamfani, malamin jami'a, wakilin ƙungiyar ma'aikata, mai kare haƙƙin masu sayen kaya. Kowa zai karanta daftarin rahoto ya nuna inda aka yi kuskure ko aka karkata. Amma ma'aikatan ofishin ne ke riƙe da alƙalami, su ne za su rubuta, su ne za su amsa.

Na huɗu, kuma mafi muhimmanci, ofishin ba ya ce wa majalisa ta yi kaza. Yana shimfiɗa zaɓi ne: in kun bi wannan hanya, ga abin da za ta ci, ga wanda zai amfana, ga wanda zai cutu, in kun bi waccan, ga nata, in kun bar abin yadda yake, ga abin da zai biyo baya. Hukunci na wanda jama'a suka zaɓa ne. Wannan ya sa ake ganin 'yan majalisa biyu masu adawa da juna suna muhawara, kowa riƙe da rahoto ɗaya, suna jayayya a kan abin da ya dace, alhali sun yi ittifaƙi a kan abin da yake gaskiya. Muhawarar da ta kai wannan matsayi ta riga ta yi rabin tafiya.

Ba a kai ga wannan a dare ɗaya ba. A shekarun farko an zargi ofishin da zama ɗan amshin shatan Sanata Edward Kennedy, wanda shi ne shugaban hukumarsa na farko. Sai a zamanin John Gibbons, masanin kimiyyar fiziya da ya riƙe ofishin daga 1979 zuwa 1993, aka tsaurara ƙa'idar rashin ɗaukar ɓangare har ofishin ya samu mutunci a wurin kowa. A tsawon rayuwarsa ya fitar da rahotanni kusan 750, da ma'aikata kimanin 200.

Ayyuka uku

Bari in kawo misali uku don a ga yadda rahoto ke zama doka.

A 1983 gwamnatin Shugaba Ronald Reagan ta so faɗaɗa amfani da na'urar gano maƙaryaci a kan ma'aikatan gwamnati, don toshe kwarmata sirri. Wani kwamitin majalisar wakilai ya nemi OTA ya duba ko na'urar tana aiki. Ofishin ya tattara binciken da aka yi a kanta, ya nuna cewa babu ƙwaƙƙwarar hujjar kimiyya da ke goyon bayan amfani da ita wajen tantance ɗimbin ma'aikata, kuma akwai haɗarin ta shafa wa masu gaskiya kashin kaji. Wannan rahoto na cikin abin da aka dogara da shi a 1988, lokacin da majalisa ta hana yawancin kamfanoni masu zaman kansu tilasta wa ma'aikata da masu neman aiki hawa na'urar.

Misali na biyu ya fi kusa da batunmu. Dokar Amurka ta 1968 a kan satar sauraron waya an rubuta ta ne da muryar mutum a zuciya, muryar da ke bi ta cikin wayar tangaraho. Da kwamfutoci suka fara aika wa juna saƙo, da wayar tafi-da-gidanka ta ɓullo, sai aka wayi gari dokar ba ta san da su ba. A 1985 OTA ya fitar da rahoto a kan leƙen asiri ta na'ura da 'yancin ɗan ƙasa, ya nuna wa majalisa wuraren da za a iya tare saƙon imel a kan hanyarsa, da yadda doka ta bar ƙofar a buɗe. A 1986 aka yi dokar kare sirrin sadarwa ta na'ura, wadda Sanata Patrick Leahy da ɗan majalisar wakilai Robert Kastenmeier suka jagoranta. Ku lura da shekarar. A lokacin yawancin Amurkawa ba su taɓa ganin imel ba, amma majalisarsu ta riga ta yi masa doka, domin tana da masu hango mata nesa.

Misali na uku shi ne wanda ya jawo wa ofishin baƙin jini. Reagan ya sanar a 1983 da shirin kafa garkuwa a sararin samaniya da za ta kare Amurka daga makaman nukiliyar Tarayyar Sobiyat. A 1984 OTA ya wallafa wata takarda da wani matashin masanin fiziya, Ashton Carter, ya rubuta, wadda ta nuna cewa samun cikakkiyar garkuwa irin wadda ake fata abu ne mai nisan gaske, bai kamata a gina manufar ƙasa a kansa ba. Ma'aikatar tsaro ta fusata, ta nemi a janye takardar. Ofishin ya sa wasu masana suka sake dubawa, ya tsaya a kan bakansa. Shi wannan Carter daga baya ya zama sakataren tsaron Amurka a 2015. Amma wasu daga cikin magoya bayan Reagan ba su manta ba, kuma ba su yafe ba.

Yadda aka rufe shi

A zaɓen 1994 jam'iyyar Republican ta karɓe majalisar wakilai karon farko cikin shekara 40, ƙarƙashin Newt Gingrich, da alkawarin rage kashe kuɗin gwamnati. Don su nuna da gaske suke, suka ce za su fara yanka daga cikin gida. OTA ya zama abin da ya fi sauƙin yankawa: ƙarami ne, ba shi da masu zaɓe, kuma sabbin 'yan majalisa da yawa ba su taɓa amfani da shi ba.

Adalci ne mu faɗi hujjar masu sukarsa, domin ba duka ce ta banza ba. Sun ce ofishin yana da nawa: babban rahoto kan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, wani lokaci har an kaɗa ƙuri'a kafin ya fito. Sun ce shugabannin kwamitoci kaɗai yake yi wa aiki, ƙaramin ɗan majalisa ba ya samun shiga. Sun ce akwai wasu ofisoshin bincike na majalisa da za su iya ɗaukar aikin, kuma ɗan majalisa zai iya kiran masani kai-tsaye in yana da tambaya. Wani ɗan Republican, Amo Houghton, wanda ya taɓa shugabantar babban kamfanin gilashi na Corning ya kuma san darajar bincike, ya yi ƙoƙarin ceto ofishin, har majalisar wakilai ta yarda a raya wani ɓangarensa, amma majalisar dattawa ta ƙi. A ƙarshen watan Satumba na 1995 aka rufe ƙofa. Kuɗin da aka yi tsiminsu kimanin dala miliyan 22 ne a shekara, abin da bai kai kashi 1 cikin 100 na kasafin majalisar kanta ba. Dokar da ta kafa ofishin ba a soke ta ba har yau, kuɗin kawai aka hana.

Jama'a, ku dubi lokacin da aka yi wannan. A watan Yulin 1995 Amazon ya fara sayar da littattafai ta intanet. A watan Agusta kamfanin Netscape ya shiga kasuwar hannayen jari, Windows 95 ya fito. A watan Satumba aka buɗe shafin da ya zama eBay. A daidai shekarar da intanet ke shiga gidajen talakawa, majalisa ta sallami masu yi mata bayaninsa.

Abin da ya biyo baya

Wata biyar bayan haka, a Fabrairun 1996, aka sa hannu a babbar dokar sadarwa, a cikinta har da sashen da ya haramta yaɗa abubuwan batsa da rashin ɗa'a a intanet inda yara za su iya gani. Niyyar mai kyau ce, amma an rubuta sashen kamar intanet gidan talabijin ne. A 1997 Kotun Ƙolin Amurka ta soke ɓangaren da ya shafi rashin ɗa'a saboda ya yi faɗi har ya tauye 'yancin magana na manya.

A 1996 ɗin wasu 'yan majalisa, cikinsu har da Rick White da Rick Boucher, suka kafa rukunin 'yan majalisa masu sha'awar intanet don wayar da kan 'yan'uwansu. Rukunin ya yi amfani, ya shirya tarukan bayani masu yawa. Sai dai ba shi da ma'aikatan bincike irin na OTA, ya dogara ne da kamfanoni da ƙungiyoyi na waje su kawo masu magana. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gurbin da OTA ya bari, masu kamun ƙafa na kamfanoni ne suka fi kowa cike shi, har manyan kamfanonin fasaha suka shiga sahun gaba wajen kashe kuɗin kamun ƙafa a Washinton.

Ita ma dokar 1986 da muka yaba ta tsufa babu mai gyara ta. Ta ɗauka cewa imel ɗin da ya wuce kwana 180 a ajiye kamar an yi watsi da shi ne, jami'ai za su iya nemansa ba tare da sammacin bincike daga alƙali ba. Wannan yana da ma'ana lokacin da wurin ajiya ke da tsada, amma ya zama haɗari da mutane suka fara ajiye saƙonnin shekara goma a Gmail.

A ƙarshen 2011 majalisar wakilai ta ɗauko ƙudurin SOPA na yaƙi da satar fasaha, wanda zai sa a riƙa toshe shafuka ta hanyar taɓa tsarin adireshin intanet. Injiniyoyi 83 daga cikin waɗanda suka gina intanet, har da Vint Cerf, suka rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa suna gargaɗin cewa hakan zai raunana tsaron tsarin gaba ɗaya. A zaman kwamiti wasu 'yan majalisa suka fito fili suka ce ba su fahimci abin ba, suka nemi a kira masana tukuna. Ranar 18 ga Janairun 2012 Wikipedia ta Ingilishi ta rufe shafinta na yini guda don nuna adawa, ƙudurin ya mutu. Sannan a Afrilun 2018, bayan badaƙalar Cambridge Analytica da ta shafi bayanan mutum har miliyan 87, shugaban Facebook Mark Zuckerberg ya bayyana gaban sanatoci, duniya ta ga yadda wasunsu ke neman a yi musu bayanin yadda Facebook ke samun kuɗi. Laifin ba na tsufa ba ne ko na rashin basira. Mutane ne da aka tura fagen fama ba tare da an shirya su ba.

Tun daga nan ake ta ƙoƙarin cike gurbin. Rush Holt, ɗan majalisa kuma masanin fiziya, ya yi ta kawo buƙatar a farfaɗo da OTA bai yi nasara ba. Shirin TechCongress ya fara tura masana fasaha su yi aiki a ofisoshin 'yan majalisa daga 2016. A 2019 ofishin binciken kuɗin gwamnati, GAO, ya buɗe sashe na musamman na kimiyya da fasaha. A 2023 Sanata Chuck Schumer ya shirya jerin zama a kan ƙirƙirarriyar basira, kuma a zaman farko, wanda aka yi a asirce, manyan baƙin da suka fi jan hankali su ne shugabannin kamfanonin da ake shirin yi wa doka.

Turai ta ɗauki abin da Amurka ta yar

Abin sha'awa, tun kafin a rufe OTA wasu ƙasashe sun kwaikwaye shi. Faransa ta kafa nata a 1983, Denmark da Holan a 1986, majalisar Tarayyar Turai a 1987, Jamus a 1990.

Birtaniya ta bi hanyoyi biyu, kuma bambancinsu darasi ne. A 1981 aka kafa PITCOM, dandalin da ke haɗa 'yan majalisa na kowace jam'iyya da mutanen masana'antar kwamfuta su tattauna. A 2011 ya haɗe da wani rukunin 'yan majalisa mai kula da harkar sadarwa suka zama PICTFOR, wanda ke aiki har yanzu. Amfanin irin wannan dandali shi ne sauri da kusanci: ɗan majalisa zai zauna da injiniya ya yi tambayar da zai ji nauyin yi a bainar jama'a. Rauninsa kuma shi ne kuɗin tafiyar da shi daga kamfanoni mambobi yake fitowa, shi ya sa ƙa'idar majalisar ta wajabta wa irin waɗannan rukunoni bayyana tallafin da suke samu daga waje. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Hanya ta biyu ita ce ofishin POST, wanda aka kafa a 1989 bayan wasu 'yan majalisa sun je sun ga aikin OTA. Da gudummawa daga waje ya fara, majalisa ta karɓi nauyinsa a 1992, ya zama na dindindin a 2001. POST ya koyi darasi daga nawar OTA: ya yi suna ne da taƙaitattun takardu masu shafi 4, waɗanda masana na ɓangarori daban-daban ke dubawa kafin a fitar, ɗan majalisa kuma zai iya karantawa kafin a shiga zama. Denmark ta ƙara wani abu: ta riƙa tara talakawa kimanin 15, a ba su lokaci su yi wa masana tambayoyi, sannan su rubuta matsayarsu a miƙa wa majalisa.

Mu dawo gida

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Amurka mai jami'o'i da dukiya ta sha wannan wahala, ina ga mu?

A 2015 Nijeriya ta yi dokar laifukan intanet. Sashe na 24 ya haramta aika saƙon da zai ɓata wa wani rai ko ya dame shi, da kalmomi masu faɗin da kowa zai iya faɗawa ciki, aka kuwa yi ta kama 'yan jarida da masu rubutu da shi. Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a 2020, ta sake a 2022, cewa sashen ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki. Sai a Fabrairun 2024 aka gyara shi. A cikin wannan gyara kuma aka fayyace harajin tsaron intanet na kashi 0.5 cikin 100 a kan hada-hadar kuɗi ta na'ura. Da Babban Banki ya umarci bankuna a watan Mayu su fara cira, ƙasa ta ɗauki zafi, majalisar wakilai da kanta ta nemi a janye umarnin, gwamnati ta dakatar da shi. Da akwai ofishin da ya lissafa wa 'yan majalisa tun farko nawa harajin zai tara, aljihun wa zai taɓa, kuma yaya za a fahimci lafazin sashen, da ba a yi ihu bayan hari ba.

A Yulin 2021, lokacin gyaran dokar zaɓe, aka yi taƙaddama a kan aika sakamako ta na'ura. Jami'an hukumar sadarwa ta NCC suka gaya wa majalisar wakilai cewa kusan rabin rumfunan zaɓe ne kawai ke da sabis ɗin da ake buƙata, hukumar zaɓe ta INEC kuma ta ce tana da ƙarfin yin aikin. Hukumomi biyu na gwamnati ɗaya, magana biyu, majalisa ba ta da ma'aunin kanta da za ta gwada su. Majalisar dattawa ta ɗauki matsaya a Yuli, ta sauya a Oktoba. A watan Satumba na 2021 ɗin kuma aka katse layukan waya a Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda 'yan bindiga. Me matakin ya rage na hare-hare, me ya jawo wa ɗan kasuwa da mai POS da mai haƙuri a asibiti? Irin tambayar da wakilan waɗannan jihohi ke da haƙƙin samun amsarta a rubuce ke nan, daga bakin wanda ba shi ya ba da umarnin ba.

Ba daga sifili za mu fara ba. Muna da cibiyar nazarin harkokin majalisa da dimokuraɗiyya ta NILDS, wadda doka ta kafa a 2011, muna da kwamitocin sadarwa da fasaha a majalisun biyu, muna da masana a jami'o'inmu daga Zariya zuwa Nsukka, kuma a 2022 aka ƙaddamar da haɗakar 'yan majalisun Afirka kan tafiyar da intanet a birnin Lilongwe na Malawi.

Kammalawa

Ga abin da nake kira a yi, bisa abin da wannan tarihi ya koya mana.

A kafa wa Majalisar Tarayya sashen auna tasirin fasaha, ƙarami, ko a cikin NILDS ko a gefenta, da doka ta kansa. Hukumar da ke kula da shi ta kasance rabi masu mulki rabi 'yan adawa, domin ranar da aka ɗauke shi na jam'iyya ɗaya, ranar ya mutu. Kuɗinsa ya fito daga kasafin majalisa, kada ya dogara da kamfanin waya ko ƙungiyar agaji ta waje. A gayyaci kamfanoni su yi bayani, ilminsu ana buƙatarsa, amma a bayyana wa ya zo da abin da ya kawo. Sashen ya riƙa shimfiɗa zaɓi, ya bar hukunci ga zaɓaɓɓu. Ya haɗa dogon bincike da gajeriyar takarda mai zuwa kan lokaci. Ya buɗe ƙofarsa ga kowane ɗan majalisa, musamman sabon shiga, domin a kowane zaɓe yawancin kujerun majalisarmu sabbin fuskoki ke hawa, kuma mun ga cewa sabbin da ba su san OTA ba ne suka fi saurin yarda a rufe shi. Majalisun jihohi ma su samu damar amfana. Sannan a fitar da rahotannin ga jama'a, a fassara su zuwa Hausa da Yarbanci da Ibo da sauran harsunanmu, a karanta su a rediyo, domin ofishin da talaka ya san amfaninsa yana da wuyar yankawa a ranar tsimi.

Ku malamai, ku koyi rubuta shafi huɗu da ɗan majalisa zai gane. Ku 'yan jarida, duk ƙudurin fasaha da aka kawo, ku tambayi wa ya rubuta shi, wa ya auna shi. Ku ɗalibai, ƙasar nan tana buƙatar wanda ya san kwamfuta ya kuma san doka. Ku kuma masu girma 'yan majalisa, matambayi ba ya ɓata, kuma ikon kafa wannan ofishi a hannunku yake: ƙuduri ɗaya ne da layi ɗaya a kasafin kuɗi. Muna roƙon ku kawo shi a wannan zango.

Allah Ya ba shugabanninmu mashawarta na gari, Ya ba su kunnen sauraro.